Mai Babur, Wane Tabarau Ka Saya Wa Idonka?

 Yau zan fara da abin da ya same ni, domin jiki magayi.

A hunturun bara na taso daga kasuwar Mai'adua zuwa gida, unguwar Kusugu a Daura, bisa babur. Ina sanye da baƙin tabarau irin wanda ake tallarsa a kan tire. Da magariba ta kawo jiki, ga hazo, sai na daina ganin hanya sosai, na cire shi na jefa aljihu. Ban yi nisa ba wata tifa ta wuce ni, ta watso mini ƙura da tsakuwa. Na runtse ido, babur ya sauka daga kwalta, Allah ne kawai ya kiyaye. Washegari ma'aikacin asibiti ya zaro ɗan tsinin yashi daga baƙin idona na hagu, na yi kwanaki da bandeji, ko Alƙur'ani ban iya dubawa ba.

Da na warke na yi lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Wanda ya runtse ido daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 33 a makance, da fasinja a bayansa, wata kila mace ce da goyo. Ban da wannan akwai ɓarnar da ke zuwa sannu a hankali. Likitocin ido sun tabbatar cewa yawan rana da iska da ƙura na haddasa tsiron nama a farin ido, wanda kan rarrafa har ya hau baƙin ido ya rage gani. Duba idanun 'yan acaɓan da suka daɗe a hanyar Zango ko Sandamu, za ka ga jan da nake nufi.

Mun tuna yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sanya hular kwano a watan Janairun 2009, har wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka. An yi ta dariya, amma halin bai bar mu ba: abin kariya mukan saye shi ne don ganin ido. To, ga abin da ya kamata mai saye ya duba.

Na farko, abin da aka yi madubin da shi. Gilashi na fashewa, kuma ɓarɓashinsa ya fi tsakuwar illa. A nemi na roba mai tauri da ake kira polikabonet, wadda ke jure bugu. Na ƙwarai yakan zo da tambarin gwaji, Z87 na Amurka ko EN 1938 na Turai, sai dai jabu ma na kwaikwayon tambari, don haka a saya wurin mai kayan da aka amince da shi.

Na biyu, ya rufe ido ta ko'ina, da soso a gefuna da maɗauri mai zagaye kai. Ƙurar hunturu da ƙwarin damina ta gefe suke shiga. Amma ya kasance da 'yan ƙofofin iska, don kada gumi ya turare madubin. A gwada shi tare da hular kwano, a tabbata ana hango abin da ke tahowa daga dama da hagu.

Na uku, launi. Baƙi na rana ne, shi ma sai mai alamar UV400, domin baƙin da ba ya tace hasken rana yana sa ƙwayar ido ta buɗe, haske mai cutarwa ya ƙara shiga. Daga magariba kuwa sai fari garau. Wanda kuɗinsa na ɗaya ne kawai, ya sayi farin, shi ne ke aiki dare da rana. Da na san haka, da ban cire nawa a kan hanya ba.

Na huɗu, kulawa. A ɗauraye shi da ruwa kafin a goge, domin shafa ƙura da bakin riga na kankare madubi, kankararren madubi kuwa yana tarwatsa fitilar mota da dare. In wani abu ya shiga ido, kada a murza, kada a ɗiga maganin da likita bai rubuta ba. A wanke da ruwa mai tsabta, in bai fita ba a tafi asibiti.

Na san za a ce rayuwa ta yi tsada, mai ma da ƙyar ake sha. Gaskiya ne. Amma wanda ya sayi babur, ya yi masa kwalliya da fitilu da rigar kujera, bai rasa kuɗin tabarau ba. Masu ba da babur haya da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa su sa shi cikin sharaɗi. Taya in ta fashe akwai wata a shago, ido kuwa biyu ne aka ba kowa.

Allah ya tsare mana ganinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.