Dashen tantanin ido: labarin gaskiya ne, amma a kula da 'yan damfara

Jama'a, kwanan nan ana ta yawo da labarin wai likitoci sun fara dasa wa makafi tantanin ido suna gani. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake zuzuta shi a guruf-guruf na WhatsApp ba. Ina ganin ya kamata mu san inda maganar ta tsaya kafin wani ya sayar da gonarsa.

A can bayan ido akwai wani siririn tantani, retina, shi ke karɓar haske ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayoyinsa suka mutu, saboda tsufa ko ciwon gado, jiki ba ya sake yin wasu. A nan ne Japanawa suka shigo. Shinya Yamanaka ya gano yadda za a ɗauki ƙwayar fatar mutum a mayar da ita ƙwayar asali mai iya rikiɗa ta zama kowane sashe na jiki, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. A 2014, a birnin Kobe, tawagar Masayo Takahashi ta yi amfani da wannan hanya ta noma ɗan ƙyallen tantani daga fatar wata tsohuwa mai shekara 70 da wani abu, aka dasa mata a ido. Ganinta bai ƙaru ba, amma lalacewar ta tsaya. Mutum na biyu kuwa fasa yi masa aka yi, don an ga canji a ƙwayoyin da aka noma masa, ana tsoron abin da zai haifar.

A 2018 asibitin ido na Moorfields da ke Landan ya sanar da sakamakon mutum biyu da aka dasa wa irin wannan ƙyalle, suka dawo suna iya karatu da tabarau. A 2020 kuma Kobe ta gwada a kan mutum biyu masu ciwon gado na retina. Ku lura da adadin: ɗaya, biyu, biyu. Har yanzu gwaji ne a ƙarƙashin sa idon hukuma.

To ga inda nake jin tsoro. A 2017 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da rahoton mata uku a jihar Florida da suka biya dala 5,000 kowacce, aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka tatso daga kitsen jikinsu a ido biyu rana ɗaya. Sun shiga da ragowar gani, suka fito da mummunar lalacewar ido, ɗaya ma ta makance gaba ɗaya. A Amurka fa ke nan. Ina ga nan, inda za ka ga ana tallar garin "sitem sel" a leda, wai a dama da ruwa a sha, yana maganin ido da suga da ƙoda? Abin da ka haɗiye ciki zai narkar da shi kamar tuwo. Babu hanyar da zai bi ya je bayan ido ya tsiro.

Sannan mu tambayi kanmu, me ke makantar da mu? Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 na wannan makanta ana iya kare ta ko a magance ta. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43, gilakoma na bi mata. Yanar ido aikin ƙasa da awa ɗaya ne, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa. Amma har yau a ƙauyuka ana kai tsofaffi wurin masu tura yanar da tsinke, ido ya lalace. Gilakoma kuwa jijiyar ido take kashewa a hankali ba ciwo, kuma dashen tantani ba ya tayar da jijiyar da ta mutu.

Wani zai ce ai bai kamata a kashe wa marar lafiya gwiwa ba. Haka ne, kuma ni ma ina fatan binciken Kobe da Landan ya kai gaci, jikokinmu su amfana. Amma kuɗin da za a zuba wa ɗan damfara, da shi za a cire wa Baba yanar ido ya koma yana karanta Alƙur'aninsa.

Gwamnatocin jihohi su sa auna ido cikin aikin ƙananan asibitoci, NAFDAC ta bi masu tallar nan. Mu kuma, duk wanda ya haura 40, ko yake da suga, ko akwai gilakoma a danginsu, ya je a auna masa ido ko da sau ɗaya a shekara, ya kai iyayensa.

Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiya lafiya.