Saƙa Cikin Jama'a Ta Fi Daɗi

Ya ku ɗalibai, idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, za ku ga jarirai a garuruwa irin su Jos, Zariya da Kano sanye da hula da safa na zaren ulu. Da yawa daga cikin waɗannan kaya da hannu aka saƙa su, da kwarashi ko tsinken saƙa. Shawarata gare ku ita ce ku koyi wannan sana'a, kuma ku koye ta cikin jama'a, domin a nan ne amfaninta ya fi yawa.

Taruwa a kan aikin zare daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa. A da, mata kan zauna a tsakar gida da dare, kowacce da audugarta da mazarinta, suna kaɗi, tsofaffi na yi wa yara tatsuniya. Har yau a birnin Zariya za ku tarar da maza a zaure suna ɗinkin hula da aikin babbar riga, suna hira. Hula guda takan ci makonni, amma hira na rage wa mai ɗinki gajiya. A ƙasashen waje ma haka abin yake. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, mata a Ingila da Amurka sun riƙa taruwa suna saƙa wa sojoji safa, suna ƙarfafa wa juna gwiwa yayin da suke jiran labarin mazajensu da 'ya'yansu.

Amfanin farko na irin wannan zama shi ne koyo. Wanda ke saƙa shi kaɗai, idan zare ya harɗe masa, sau da yawa yakan yi fushi ya ajiye. Amma a cikin jama'a, na kusa da shi zai karɓa ya warware, ya nuna masa inda ya kuskure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu shi ne kwanciyar hankali. Akwai damuwar da ke da nauyin faɗa idan ana kallon mutum ido da ido. To, a wurin saƙa idon kowa na kan aikinsa, kunne ne kawai ke saurare. Ɗalibar da ke kewar gida, ko wadda jarrabawa ta tayar wa hankali, takan sami sauƙin buɗe cikinta. Wanda ba ya son magana kuwa, sai ya yi shiru abinsa, kuma ba zai ji kaɗaici ba.

Wasu za su ce zaman saƙa dandalin gulma ne, kuma rigar sanyi ta gwanjo ta fi arha. Gulma halin mutane ce, masu zama su ne za su hana ta. Batun arha kuwa gaskiya ne, sai dai kasuwa ba ta sayar da abokan zama, kuma hular da kuka saƙa wa ƙaninku da hannunku tana da daraja ta daban a wurinsa.

Saboda haka ku nemi izinin malaminku, ku ware sa'a guda a mako. Mutum huɗu ko biyar sun isa, maza ko mata, da kwarashi da ƙullin zare. Ku fara da ƙaramin abu kamar hular jariri, kuma ku yi hirarku da Hausa, sai ku ƙaru ta fuska biyu.