Bututun Da Makanikai Ke Yarwa

In kaka ta yi, babu abin da ke shan wahala a ƙauye kamar tsohuwar a-kori-kura. Aikin da jaki da raƙumi su ke yi a da, yanzu ya koma kanta. Ita ce kwaso dammunan dawa daga gona, ita ce kai buhunan wake da masara kasuwa, wata ma har Dawanau ta Kano. Mai mota in zai yi shirin wannan aiki ya kan duba baƙin mai da ruwan lagireto da birki da taya. Man sitiyari kuwa ba mai tunawa da shi sai ran da sitiyarin ya ƙage, alhali kuwa zafi ne ke cinsa a hankali tun da daɗewa. Abin da ke kāre shi daga zafin nan wani ɗan bututu ne da ke gaban lagireto, shi ne kuwa abin da aka fi saurin yankewa a yar a gareji. Wannan kuskure ne, ya kamata a daina.

Yadda Abin Ya Ke Aiki

Motocin da aka saba da su a da, irin su Peugeot 404 da 504, galibinsu da ƙarfin damtse a ke juya su. Sitiyari mai aiki da mai dabam ya ke. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, shi ya gwada shi a 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da motar shiga mai irinsa a 1951. Daga baya dabarar ta sauko kan motocin kaya, har da Hilux, wadda kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙerawa a 1968, ta kuma cika hanyoyin karkara.

Ga yadda ya ke. Akwai famfo a jikin inji wanda bel ke juyawa. Shi ke zuƙo mai daga ɗan tanki, ya matsa shi ta cikin tiyo zuwa akwatin sitiyari, man ya taya direba tura ƙafafun gaba, sa'an nan ya komo tanki ta wani tiyon. Matsin ba na wasa ba ne. Tayar da a ke ba iska awo 35 ko 40 ta yi tauri ke nan, famfon nan kuwa ya kan kai awo 1,000, ya wuce. Duk man da aka matsa haka dole ya yi zafi, ga shi kuma ɗan kaɗan ne, bai fi kamar lita ɗaya ba, shi ke ta kai da komowa. Don haka ne a motoci da yawa maƙera su ka sa bututun ƙarfe mai lanƙwasa a kan hanyar komowa, a gaban lagireto, domin iska ta bugi man ya huce kafin ya koma tanki.

Aikin Gona Dabam Ne

Wani zai ce, ai ga motoci nan birjik ba su da wannan bututu, shekara da shekaru ba abin da ya same su. Gaskiya ne, amma a duba inda su ke tafiya. Motar da ke bin kwalta daga Zariya zuwa Kaduna iska na dukanta, sitiyarinta kuwa kusan a miƙe ya ke. Motar manomi ba haka ba ce. Tana cikin rairayi ko kunya-kunya, a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na ruri, mota na tafiyar hawainiya. Famfo da inji tare su ke gudu, watau famfo na aiki da ƙarfi a daidai lokacin da babu iskar da za ta sanyaya shi. Ga kaya fiye da kima da ke ƙara wa inji zafi. Ga manyan tayoyi da wasu ke sakawa, ko rage iska don rairayi, duka biyu suna ƙara wa famfo nauyi. Ga ƙaiƙayi da ciyawa da ke toshe gaban lagireto a masussuka. In kuma bazara ce, wajen Sakkwato da Maiduguri zafin rana da kansa ya kan wuce digiri 40.

Har wa yau akwai wata mugunyar ɗabi'a ta direbobi. In za a juya mota a ƙunci, sai a karya sitiyari har ƙarshe a danne shi a nan, famfo na kuka. A wannan hali man ba ya da inda za shi, sai ya yi ta kewaya cikin famfo, dukan ƙarfin ya koma zafi. Littattafan masu ƙera motoci su kan yi gargaɗi kada a riƙe shi haka fiye da 'yan daƙiƙoƙi. In ya kai ƙarshe a ɗan sassauta hannu, shi ke nan.

Masana harkar mai suna da ƙa'ida, cewa in mai ya riga ya yi zafi, ko wane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Man da ya dahu ya kan tsinke, ya yi baƙi, ya yi ƙauri. Robobin da ke tare shi su bushe su tsattsage, yoyo ya fara. Mai ya ragu, famfo ya zuƙi iska, kumfa ta taso, ƙarfe ya soma cin ƙarfe. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: kuka in an juya, da sitiyarin da ke da laushi da safe amma ya yi nauyi da azahar.

Arahar Da Ba Ta Da Riba

To, me ke faruwa a gareji? Bututun nan ƙarfe ne, yana can ƙasa inda laka da tsatsa su ke, wata rana sai ya huje. Makanike ya duba ya ce wannan ba ya aikin kome, ya cire shi, ya haɗa tiyo da tiyo. Mai mota ya yi murna an gama da araha, mota kuma ta tashi lafiya lau. Ba a ganin illar a ranar. Sai bayan watanni famfo ya mutu, a sayo wani na hannu a ɗaura, shi ma ya bi sawu, a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Ashe ba laifin famfo ba ne.

Hasarar kuwa ba ta tsaya kan kuɗin famfo ba. Mota ta kwanta a tsakiyar kaka, amfanin gona na zube a fili, ranar kasuwa ta wuce. Mafi muni, tiyon da zafi ya cinye ya kan fashe ba sallama. Sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya ga direban da ke ɗauke da buhuna da 'yan kasuwa a bisa kaya. In man ya fesu a kan bututun hayaƙi ya kan kama wuta, a wurin da ke cike da kara da harawa. Masu cire bel su ce za su tuƙa da ƙarfin hannu su ma su sani, sitiyarin da aka ƙera don mai in babu mai ya fi na Peugeot ɗin da nauyi nesa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mai mota ya tsaya a kan motarsa in ana gyara. Bututun in ya huje a sake wani. In motar ba ta da shi tun asali, ko an riga an yar, kuma aikinta na gona ne, a sa mata. Ƙaramin abin sanyaya man giya, mai kama da ɗan lagireto, wanda a ke samu wurin masu kayan gyara, ya isa. Amma a kan tiyon komowa kaɗai a ke ɗaura shi, wanda a ke ɗaurewa da zobe. In aka kuskura aka sa shi a kan tiyon matsi, mai kan ƙarfe da noti, nan take zai fashe. A yi amfani da tiyon da aka yi don mai, ba na ruwa ba, a kafe shi inda ba zai goga da ƙarfe ba, kada kuma ya tare wa lagireto iska. In an gama a ɗaga gaban mota da jak, a yi ta juya sitiyari dama da hagu kafin a ta da inji, ana ƙara mai, har kumfa ta ƙare.

Man da za a zuba shi ne wanda aka rubuta a marfin tanki ko a littafin motar. Tsofaffin Hilux jan man nan na giya su ke sha, irin Dexron. Man birki kuwa kada ya kusanci tankin nan ko kaɗan, domin yana lalata robobi. Ko wane mako a buɗe marfi a duba zanen ma'auni, a ɗiga man a kan farar takarda, a sansana. In ya yi baƙi ko yana ƙauri, ƙari ba ya gyara shi, juyewa za a yi a zuba sabo, a wanke 'yar rariyar da ke gindin tanki. Da yamma in an taso daga masussuka, a kakkaɓe ƙaiƙayin gaban mota.

Makanikai su ma da hakki a wuyansu. Wanda ya kawo mota amana ya kawo, bai san abin da aka cire ba sai an gaya masa. Manomi kuwa ya yi wannan dubawa tun dawa ba ta nuna ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba da kaka mai albarka, ya kai kowa gida lafiya, amin.