Ba Lemo Ba Ne, Giya Ce: Mu Tashi Mu Tsare 'Ya'yanmu!

'Yan'uwa maza da mata, iyaye da yayye, ku tsaya ku ji. Giya ta sauya kama. Ta bar ɗacinta, ta bar warinta. Yanzu da ɗanɗanon lemo take zuwa, da na tuffa, da na abarba, cikin gwangwani mai ƙyalli da kwalba mai launi. A wasu shaguna firij ɗaya ake jera ta da lemon kwalba. Yaro ya duba, ya ga lemo. Ya kurɓa, ya ji zaƙi. Ya ƙara.

Ba lemo ba ne, giya ce! Barasar da ke cikin yawancinsu takan kai kashi 4 zuwa 7 cikin 100, daidai da giyar kwalba ko ma fiye. Ɗaci ne ke korar yaro a kurɓin farko. Da sukari ya rufe ɗacin, sai ƙofa ta buɗe. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha tun yana ƙarami ya fi saurin zama mashayi in ya girma. Karatu ya lalace, kunya ta gudu, haɗarin babur ya biyo baya.

Wasu ƙasashe sun farga tuni. Jamus ta ɗora wa irin wannan giya haraji na musamman a 2004. Ostireliya ta ƙara nata harajin da kashi 70 cikin 100 a 2008. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta fara hana giyar leda da ta ƙananan robobi 'yan ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024, bayan wa'adin shekara 5 da aka ba kamfanoni. Dalili? Arha gare ta, kuma tana ɓuya a aljihun ɗan makaranta. Amma hukuma ba ta kwana a gidajenmu. Mu ne muke kwana da yaran nan.

Ko mun manta da kodin? Maganin tari mai zaƙi, ana juye shi a robar lemo, ana sha a gaban iyaye ba su sani ba. Sai a Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi, bayan ya gama ɓarna a gidaje masu yawa a Arewa. Ta ƙofar zaƙi ya shigo. Kada mu sake barin ƙofar nan a buɗe!

To, me za mu yi? Kowa da aikinsa.

Uwa, ki karanta jikin gwangwani kafin ya shiga gidanki. In kin ga an rubuta "Alc." da alamar % ko 18+, mayar da shi. In ba kya karatun boko, ba wani ya duba miki.

Uba, zauna da ɗanka yau. Zauna da 'yarka. Faɗa musu gaskiya cikin sanyin murya kafin aboki ya faɗa musu ƙarya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai shago, mai tireda, ka ji tsoron Allah. Kada ka sayar wa yaro, ko da ya ce aiko shi aka yi. Ribar da za ta rusa ɗan maƙwabcinka ba riba ba ce.

Malamin makaranta, sa ido a bakin ƙofa lokacin tara. Liman, faɗa a huɗuba. Fasto, faɗa a coci. Mai unguwa, tara masu shaguna ku yi magana. Masu biki da walima, ku duba abin da ake rabawa.

Matasa, ƙannenmu, ku ma kuna da baki. In an miƙo muku abin da ba ku sani ba, ku ce a'a. Ku ja abokinku ku bar wurin.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, kada a kore shi, kada a tozarta shi. A kama hannunsa a kai shi asibiti.

Ɗa na kowa ne. Mu duba, mu tambaya, mu hana! Mu fara yau, daga gidanmu da shagon layinmu. Allah ya shirya mana zuri'a.