Kafin A Kawo Kare Gidan Da Akwai Yaro Mai Tatata

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata tambaya ce da wani ɗan'uwa ya tare ni da ita a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Ya ce, "Malam, sau biyu ɓarayi suna haura mana katanga a damina ɗaya, don haka na yanke shawarar sayen kare. An nuna mini wani na Turawa, kansa kamar turmi. Me ka gani?" Yana cikin wannan magana, 'yarsa wadda ba ta cika shekara biyu ba tana riƙe da ƙafar wandonsa, ta saki ta yi tatata ta dawo. Na dubi yarinyar, na ce ya ba ni mako guda. Amsar da na kai masa ita ce nake so in shimfiɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ne rashin tsaro ya sa yake wannan tunani ba.

Wani zai ce ina ruwan katikis da zancen kare. To, aikinmu na shiga gida-gida ne, kuma abin da ido ya gani a ziyara ba ya mantuwa. Akwai wani yaro da yake ajinmu na makarantar Lahadi yanzu, da tabo daga gefen hancinsa har kusa da kunne. Yana da shekara biyu da rabi ya miƙa hannu zai ɗauki ƙashi a kwanon karen gidansu. Karen ya shekara huɗu a gidan bai taɓa cizon kowa ba. Uwar kuwa tana daka, tsakaninta da su bai fi taku goma ba. Kafin ta ajiye taɓarya an gama. Ni na riƙe yaron a bayan babur har asibiti, kuma har yau in na tuna kukan uwar nan sai jikina ya yi sanyi.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba game da hakkin mai dabba. A Littafin Fitowa sura 21, daga aya 28 zuwa 31, an yi shari'ar sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum ba zato, ana kashe san, mai shi ya kuɓuta. Amma in an san halin san, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to jinin yana wuyansa. Aya ta 31 ta ambaci ɗa ko 'ya musamman, wato ba a rage wa shari'ar nauyi don wanda aka tunkuya yaro ne ba. Mu da muke zaune a gari ba mu da shanu a tsakar gida, amma kare ya maye gurbin san nan, kuma wanda ya sayi kare alhali ya san aikin da aka yi irinsa dominsa, ai an riga an gargaɗe shi.

Bari mu fara da awo, domin shi ne abin da masu sayar da karnuka ba sa faɗa. Yaro ɗan shekara biyu nauyinsa wajen kilo 12 ne. Namijin Rotwaila yakan kai kilo 50, Burbul na Afirka ta Kudu yakan wuce kilo 60, haka ma wanda ake kira Kokeshiyan. Wato dabbar da ta ninka ɗanka sau huɗu ko biyar za ka saki a tsakar gida tare da shi. Ba sai ta yi fushi ba ma, wasa kaɗai ya isa ta kayar da shi a kan siminti. Bugu da ƙari, in yaro mai tatata ya tsaya, fuskarsa daidai bakin kare take. Shi ya sa babba in kare ya cije shi yawanci a ƙafa ne ko hannu, ƙaramin yaro kuwa a fuska da kai da wuya.

Sa'an nan kowane irin kare da aikin da kakanninsa suka yi. Rotwaila daga wani gari ne a Jamus, inda mahauta suke kora shanu da shi, yana kuma tsare musu kuɗi. Burbul manoman Afirka ta Kudu ne suka raine shi don tsaron gona. Kokeshiyan kuwa a kan duwatsu masu ƙanƙara na yankin Rasha da Jojiya aka saba da shi, yana faɗa da kyarkeci don kare tumaki. Ka ɗauko wannan dabba mai gashi kamar bargo ka ajiye ta a zafin Yola ko Kaduna a watan Afrilu, ka ɗaure ta a ƙarƙashin kwano, sa'an nan ka sa ran za ta yi haƙuri da yaron da yake ja mata wutsiya? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Alseshan, wanda muke kira karen 'yan sanda, shi ne aka fi sani a wajenmu. Wani hafsan soja na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa irinsa a 1899 don kiwon tumaki. Yana da kaifin basira ƙwarai, kuma na ga gidajen da yake zaune lafiya da yara. Amma duk gidajen nan akwai wanda yake da lokacin fita da shi kullum da koya masa umarni. Maigidan da zai fita aiki da asuba ya dawo bayan magariba, ya bar matarsa da goyo da girki da kare mai kilo 35, bai yi wa matar adalci ba, bai kuma yi wa karen ba.

A Ingila an yi doka a 1991 wadda ta haramta ajiye iri huɗu na karnuka, ciki har da Fitbul, kuma a ƙarshen 2023 aka ƙara wani iri a jerin. Likitocin dabbobi da yawa a can suna sukar dokar, suna cewa kowane kare yana iya cizo, tarbiyya ce ke raba su. Na yarda da su rabi. Gaskiya ne kowane kare yana cizo, karen da ya yi wa ɗan ajinmu tabo ma na gida ne. To amma fa ɓarnar ba ɗaya ba ce. Cizon ƙaramin kare ɗinki ne, na babban kare kuwa wani lokaci sai dai a kira fasto.

Kada kuma a ce to bari a sayi ɗan ƙarami mai gashi, irin Lasa da 'yan matanmu suke so. Asalinsa daga Tibet ne, kuma aikinsa can shi ne yin haushi in baƙo ya shigo. Ba shi da haƙuri da matsi. Yaro yana ganinsa kamar 'yar tsana, zai ɗaga shi ta wuya ko ya zauna masa a baya, shi kuwa da ya ji zafi sai ya kai baki.

In har dole sai na Turawa, kuma aljihu zai iya, Labrado ya fi sauran sauƙin hali. An raine shi ne don ya ɗauko wa maharbi tsuntsu ba tare da ya tauna shi ba, kuma irinsa ake koya wa yi wa makafi jagora a ƙasashen waje. Sai dai a sani, ba mai gadi ba ne, yana iya yi wa ɓarawo maraba da wutsiya. Yana da ci, kuma kafin ya kai shekara biyu rawar kansa ta isa ta ture yaro. A yi hattara kuma da dillalai, domin sau da yawa ruwa-biyu ake sayarwa da babban suna.

Ni dai a ganina, ga iyalin da ke zaune a irin gidajenmu, karenmu na gida ya fi dacewa, wanda muke raina wa wayo don ba a sayensa da tsada. Jikinsa madaidaici ne, ya saba da zafinmu da kaskarmu, yana cin ragowar tuwo ya ƙoshi, kunnensa kuma ba ya barci. Ai abin da ake bukata da dare shi ne haushin da zai tashe ka da maƙwabta. Ɓarawon da ya zo da makami kuwa, babban kare ma guba yake jefa masa a nama. Amma kada a je kasuwa irin ta Dawaki a Jihar Filato a sayo babban kare wanda ba a san inda ya fito ba, ba a san ko an yi masa allura ba. A nemi kwikwiyo a gidan da aka sani, a je a ga uwar da ido. In tana gurnani in yara sun matso, ko tana ɓuya tana rawar jiki, a haƙura, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bar kwikwiyon wajen uwarsa har mako takwas, domin a nan yake koyon sassauta haƙori in yana wasa. Daga nan zuwa wata uku ne lokacin da yake sabawa da mutane, sai a riƙa nuna masa yara da baƙi a hankali, ba duka, ba tsokana.

Akwai wata al'ada da nake roƙo mu bari. Wasu suna ɗaure kare da sarƙa yini da kwana, har su kulle shi a duhu, wai don ya yi zafi. Zai yi zafin kuwa, amma ba ya bambanta ɓarawo da yaron da ya rarrafo inda sarƙar ta kai. Karen da aka ɗaure ba shi da wurin gudu, abin da ya rage masa haƙori ne. A gina masa ɗaki mai inuwa da ƙofa mai sakata wadda hannun yaro ba ya kaiwa, a ba shi abincinsa a can. Kuma ko wane iri ne, ko ya shekara nawa a gidan, ba a barin kare da yaro ƙarami su kaɗai, ko na ɗan shiga ɗaki ɗauko gishiri ne. Yayar yaro 'yar shekara bakwai ba ta isa mai tsaro ba.

Sai babbar magana, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da allura, mu kuma Allah ya sa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom kusa da Jos, inda ake yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a kati. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa. Mu yi addu'a, i, amma a kan hanyar asibiti. A kuma tsare karen kwana goma ana lura da shi. Har ila yau a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, a kwashe kashinsa kullum, domin mai tatata duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kaiwa.

Kada mu manta da maƙwabta. Yaran unguwa suna shigowa gidajenmu ba sallama, almajirai suna tsayawa a ƙofa, kuma da yawa daga maƙwabtanmu Musulmi ba sa son kare ya taɓa musu tufafi ko ya ratsa wurin salla. A gidan haya kuwa tsakar gidan ta kowa ce. Na san unguwar da aka yi shekaru ana zaman lafiya, kare guda ya sa aka daina gaisawa.

Wannan duka na faɗa wa ɗan'uwan nan a zaurensa, na ƙara da cewa in da ni ne, da na jira yarinyar ta kai shekara biyar, lokacin da za ta gane in an ce kada ta taɓa. Ya yi shiru, ya ce ai ya riga ya ba da kafin alƙalami. Sai matarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Baban Rahila, ni fa tun farko ba a tambaye ni ba, kuma ni zan yini da shi." Kuɗin da ya bayar dai bai dawo ba. Ragowar ya ƙara wa katangarsa layi uku na bulo, ya sa fitila a bayan gida. Karyar wani dattijon ikilisiyarmu tana da ciki, ya ce a ajiye masa mace guda, kuma ya fara haɗa katakon ɗakinta a can bayan rumbu, nesa da inda yarinyar take wasa.