Kira ga Hukuma: A Tanadi Gurbin Haruffa Masu Lanƙwasa a Manhajojin Gwamnati

Zuwa ga mai girma ministan sadarwa, da mai girma ministan ilimi, da shugabannin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.

Ranku ya daɗe, malamin makaranta ne ke rubuto muku daga Baudeta, a yankin Tasawa. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, muke sa ran wata rana takardar haihuwa da jerin sunayen ɗalibai da katin asibiti za su fito da harshenmu. Dukansu ta cikin kwamfuta za su bi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ita kuwa kwamfuta lamba kawai ta sani. Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 gare shi, daidai buƙatar Ingilishi. Latin-1 da ya biyo baya ya karɓi é da ç na Faransanci, bai bar wa ƙ wuri ba. Da zuwan Unicode kowane harafinmu, babba da ƙarami, ya sami lambarsa. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, k bayit ɗaya (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) yake ci, ƙ kuwa biyu.

Ɗan wannan bambanci ne ke haifar da ɓarna. Sunan Maraɗi haruffa shida ne a ido, bayit bakwai a cikin na'ura. Harshen shirya manhaja na C, idan aka ce ya auna tsawon kalmar, bakwai zai ce. Manhajar da ke datse suna da ƙidayar bayit tana iya raba ɗ biyu, a buga takarda a ga alamar tambaya ko ɗan akwati a tsakiyar sunan yaro. Wadda aka gina a kan ASCII, in ta mayar da suna manyan baƙaƙe kamar yadda ofisoshinmu suka saba, MARAɗI za ta fitar. Wajen jera sunaye kuma, lambar Z 90 ce, ta Ɗ 394, sai Ɗanladi ya koma bayan Zainabu. Akawu ya nemi Danladi bai gan shi ba, ya sake rubuta shi, yaro ɗaya ya zama biyu a rajista. Ranar jarrabawa ko ranar neman katin ɗan ƙasa uban yaron ne zai sha zirga-zirga tsakanin ƙauye da Tasawa.

Harshen Python 3 ya kawo gyara a 2008 da ya raba rubutu da bayit, amma lambobin Unicode yake ƙirgawa, kuma ba kullum lamba ɗaya ke zama harafi ɗaya ba. Harafin r̃ da ake gani a ƙamus lambobi biyu ne, haka wasalin ajami da ke hawa kan baƙi lambarsa daban. Harshen Swift shi ne ke ƙirga abin da ido ya gani. A ganina, harshen shirya manhaja nagari shi ne wanda ya bambanta ukun nan, bayit da lamba da harafi, ya kuma tilasta wa mai rubutu ya faɗi wanne yake nufi. Ko da hakan, sh da ts da muke koya wa yara a matsayin harafi guda, sai mu da kanmu mun shigar da dokarsu cikin tsarin jerawa.

Roƙona na farko, kada gwamnati ta karɓi wata manhaja sai an rubuta cikin kwangilar cewa da UTF-8 za ta ajiye rubutu, an kuma gwada ta da sunayenmu a gaban jami'ai: a shigar, a nema, a jera, a buga. Nema ya riƙa haɗa Ɗ da D, da kuma ƴ tamu da 'y ta Najeriya, tunda rabin danginmu a Katsina da Daura suke, amma takarda ta fito da sunan yadda yake. Gyaran zai amfani Fulatanci mai ɓ, ɗ, ƴ da ŋ, da Barbarci mai ǝ.

Malaman jami'a kuma, don Allah ɗalibin da ke koyon shirya manhaja ya fara darasin rubutu da jimlar Hausa tun shekarar farko. Allon bugun Faransanci da ke ofisoshinmu na karkara shi ma a ɗora masa tsarin da zai fitar da haruffan nan, a koya wa ma'aikata.

Sai saƙon waya. Saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da ƙ guda ta shiga sai ya koma 70, kuɗi ya ƙaru, mai aika sanarwar rigakafi ko farashin hatsi ya ga gara ya zubar da lanƙwasa. Turkanci da Hindi sun sami nasu jadawalin a ƙa'idar wayar salula ta duniya. Muna roƙo a haɗa kai da Najeriya a nema wa Hausa irinsa.