Ɗan garinku a kujerar minista bai isa ba, sai da majalisar da za ta tambaye shi

Jama'ar Malanbil, Karimama, Kandi, Segbana, Paraku da Jugu, iyayenmu da 'yan uwanmu,

Duk sa'ad da zaɓe ya matso, mutanen gwamnati sukan zo muku da magana guda: ku dubi jerin ministoci, ai ba a manta da arewa ba. Gaskiya ne, akwai 'yan arewa a ciki. Abdoulaye Bio Tchané, ɗan Jugu, ya zama babban minista a 2016. Ba mu da ja a kan haka. Abin da muke tambaya shi ne: ranar da minista ya sa hannu a takardar da ta kashe kasuwarku, wa ke da ikon kiransa ya zo ya yi bayani? Tarihin ƙasarmu Benin ya ba da amsa, kuma dattawanmu da dama sun gani da idonsu.

Ranar 26 ga Oktoba 1972 Mathieu Kereku, ɗan arewa daga yankin Atakora, ya karɓe mulki. Gwamnatin da ya kafa ta hafsoshin soja ce. A 1974 ya ce ƙasa ta rungumi aƙidar gurguzu, a 1975 aka sauya sunan Dahome zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin, aka bar jam'iyya ɗaya tilo, PRPB. Minista a wancan zamani ba ya tsoron talaka, ba ya tsoron ɗan jarida, shugaba kaɗai yake tsoro. Yana kuwa da dalili: a watan Yuni 1975 dogaran fadar shugaba ne suka harbe ministan cikin gida, Kyaftin Michel Aïkpé. In haka ta faru da minista, ina ga mai sayar da albasa? Mutanen Segbana sun san gidan kason da aka riƙa kawo masu sukar gwamnati daga ko'ina cikin ƙasa.

Shekara goma sha bakwai ana tafiya a haka, ba mai bincike, ba mai tambaya. Ƙarshenta bankunan gwamnati suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, malaman makaranta da ɗalibai suka shiga yajin aiki a 1989. Shugaba ɗan arewa ne, amma hakan bai maido wa ɗan kasuwar Paraku ko dala daga cikin kuɗinsa da suka nutse a banki ba.

A watan Disamba 1989 aka yi watsi da gurguzu. Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, wakilai kusan 500, ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza. Ku lura da abin da wakilan suka yi. Ba su kori Kereku ba, sun bar shi a kujerarsa. Majalisar ministoci suka ƙwace daga hannunsa. Suka zaɓi Nicéphore Soglo, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya zama firaminista, ya kafa gwamnatin farar hula, har ma'aikatar tsaro ta koma hannunsa. Malamin jami'a Paulin Hountondji ya zama ministan ilimi. A kan wannan gwamnati kuma aka ɗora wata majalisar ƙoli mai sa ido, wadda tsofaffin shugabanni irin su Hubert Maga da Emile Zinsou ke cikinta. Wato an sauya mutanen da ke kan kujeru, an kuma sa masu tsaye a kansu. Da haka Benin ta fita daga mulkin jam'iyya ɗaya ba tare da yaƙi ba, ƙasashe irin su Nijar da Togo suka yi koyi da taronmu.

Bayan haka ma ba mala'iku aka samu ba. Soglo ya ci zaɓe a 1991, ya ba surukinsa Désiré Vieyra muƙamin babban minista, jama'a suka yi ta ƙorafin cewa mulki ya zama na gida. Amma akwai majalisar dokoki mai haƙori. A 1994 ta ja daga da shi kan kasafin kuɗi har magana ta kai kotun tsarin mulki, a 1996 kuma masu zaɓe suka sallame shi. Kereku ya dawo ta hanyar ƙuri'a, sai da ya raba kujeru da waɗanda suka taimake shi. Adrien Houngbédji, wanda mulkin Kereku na farko ya taɓa yanke wa hukuncin kisa, shi ne ya zama firaministansa. A 2015, da ƙasar Holan ta dakatar da tallafinta saboda kuɗin aikin ruwan sha sun yi ɓatan dabo, ministan da ke kula da ruwa ya ajiye aiki. Me ya sa? Akwai 'yan adawa masu ƙarfi a majalisa, akwai jaridu, akwai surutun jama'a.

Ga yadda doka take. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ce shugaban ƙasa shi ne shugaban gwamnati. Shi yake naɗa ministoci, shi yake sauke su. Yana jin ta bakin shugabannin majalisar dokoki kafin naɗi, amma shawara ce kawai, ba dole ba. Minista ba ku kuka zaɓe shi ba, kuma ba gabanku yake amsa tambaya ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ministan da shugaba ya ɗauko, shugaba zai yi wa aski, ko daga Kandi ya fito ko daga Widah. Ƙofa guda dokar ta bar muku, ita ce depite ɗinku. Shi yake da ikon yi wa minista tambaya da baki ko a rubuce, ya nemi a kafa kwamitin bincike, ya ƙi amincewa da kasafin kuɗi.

Wannan ƙofar aka rufe a 2019. Shugaba Patrice Talon ya kafa gwamnatinsa a Afrilu 2016 da ministoci 21, babu firaminista. A zaɓen 28 ga Afrilu 2019 jam'iyyu biyu kawai aka bari suka tsaya, dukansu na goyon bayansa, suka raba kujeru 83 tsakaninsu. Ko mutum uku cikin goma ba su fita zaɓe ba. Wannan majalisa ce ta sauya tsarin mulki a ƙarshen shekarar. Shekara huɗu ministoci suna zuwa majalisa kamar mai zuwa gidan abokinsa cin tuwo.

Mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa sanin kuɗin da hakan ya ci. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, daidai lokacin da babu ɗan adawa ko ɗaya a majalisa da zai tambayi ministan kasuwanci me aka tanadar wa waɗanda jarinsu ya karye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Manyan motoci suka yi layi na watanni, direbobi da 'yan kamasho da masu dako suka rasa abin kaiwa gida, mai zuwa biki ko ta'aziyya a Gaya sai ya biya kwalekwale. Aka sa takunkumi kan fitar da waken suya ta iyakokin ƙasa, manomi ya rasa mai sayen da ya saba da shi. A watan Afrilu 2025 gwamnati da bakinta ta ce an kashe sojojinmu 54 a yankin dajin W. Kowanne cikin waɗannan akwai ministan da ke da alhakinsa: na harkokin waje, na kasuwanci, na noma, na cikin gida, na tsaro. Wanne ne ya zo kasuwar Malanbil ya tsaya ya amsa tambayarku?

Za su ce muku ministocinsu ƙwararru ne, an yi hanyoyi, an gina sabbin kasuwanni. Ba ma musun hanyar da muka gani. Amma ƙwararre ma yana kuskure, kuma wanda yake zaune a Kwatano bai san yadda buhun albasa ke ruɓewa a bakin gada ba sai an gaya masa, a wurin da ba zai iya toshe kunne ba. Gwamnatin da ta yarda da aikinta ba ta gudun tambaya.

A zaɓen Janairu 2023 'yan adawa sun koma majalisa da kujeru 28 cikin 109. Sun yi kaɗan, ba su isa su hana a zartar da doka ba. Shi ya sa a 2024 aka iya ƙara tsaurara dokar zaɓe: jam'iyyar da ta tsaya ita kaɗai sai ta samu kashi 20 cikin ɗari a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 24 kafin a ba ta kujera. Ma'ana, in kuka zauna gida a Karimama ko Segbana, kuna iya jawo a hana 'yan adawa kujera har a Kwatano. Ƙuri'ar ƙauye ɗaya tana iya tsayar da majalisa ko ta mayar da ita irin ta 2019.

Saboda haka, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku da jerin sunayen ministoci, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi: sau nawa depite ɗin jam'iyyarku ya kira minista kan gadar Malanbil? Sau nawa kan kuɗin waken suya? Ku duba sunanku a rajista tun yanzu, ku tanadi katinku, ku tuna wa mata da samari. Ranar zaɓe ku fita da wuri, ku zaɓi 'yan adawa, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya buɗe mana iyakokinmu. Amin.